A Ba Ɗan Kwikwiyo Riƙo Kafin Ya Zama Karen Juji

 

A wannan makon mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun zaɓi mu yi magana a kan kare. Mun san wasu za su yi dariya tun ba su kai layi na biyu ba, su ce duk matsalolin da ke garin nan ba mu ga na rubutawa ba sai na kare. Muna roƙo a daure a karanta har ƙasa, ko da sai an durƙusa, domin takardar ta yi tsawo kuma allon namu gajere ne.

Duk wanda ke zuwa makaranta da ƙafa ya san inda 'yan kwikwiyo suke: gefen juji, bayan kwata, ƙarƙashin kwalbati, cikin kango. Ya kuma san abin da ke biyo baya. Yaro ya ɗauki ɗaya tun idonsa bai gama buɗewa ba, ya ɗaura masa igiya a wuya, ya yi ta jan sa unguwa-unguwa ana bin su da ihu. Da magariba Inna ta ce ba dai a gidanta ba. Sai a ɓoye shi cikin kwali a bayan gida. Kwana biyu, kwana uku, in bai mutu ba a mayar da shi juji. Wanda ya rayu cikinsu yakan girma bai taɓa ganin hannun mutum ba sai da dutse a ciki. Bayan wata shida shi ne ake kira karen banza, a ce yana bin yara, yana kama kaji, a taru a jefe shi. Kuma wannan a Wurno ne, garin da baƙi ke zuwa daga nesa ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ba mu jin daɗi baƙo ya sauko daga mota abin da zai fara gani shi ne yara ashirin sun rutsa ɗan kare a lungu.

Ba duka karnukan nan aka haifa a juji ba. Wasu sun taɓa samun gida da suna. Tun harin da aka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah a 2018, lokacin da mutane suka gudo suka taru a Gandi, ƙauyuka da dama a Rabah da Goronyo da nan Wurno sun ga tashin dole. Akwai 'yan ajinmu da suka zo ta wannan hanya, kuma ba sai mun faɗa musu yadda take ba. Wanda ya fito cikin dare zai saɓa ɗansa ne, ya riƙe hannun tsohuwarsa. Ba wanda zai zarge shi don bai tsaya neman kare ba. Amma kare bai san an yi hijira ba. Wani ya zauna yana gadin gidan da ba kowa, wani ya biyo sawu har cikin gari, ya tarar masu shi suna ɗaki ɗaya a gidan dangi, ba su da wurin kansu balle nasa.

Ra'ayinmu shi ne, ƙaramin kare marar gida a ba shi riƙo na ɗan lokaci a hannun babban mutum, a yi masa allura, a koya masa jin kira, sannan a miƙa shi ga wanda ke da aikin da zai ba shi.

Ba daga waje muka ari kalmar riƙo ba. A ajinmu kaɗai akwai masu zama wurin goggo, da masu zama wurin kaka, da wanda kawunsa ya ɗauko daga ƙauye don ya yi karatu. Kowa ya san ɗan riƙo amana ne. Haka ma dabba. Iyayenmu mata sukan ba da akuya kiwo ga wata a ƙauye, a yi sharaɗi a kan 'ya'yan da za ta haifa, kuma kowa ya san mai ita da mai kiwonta. Mutanen da suka iya wannan tsari ba sa bukatar wani ya koya musu yadda ake riƙon kare. A birnin Landan akwai gidan karnuka marasa gata da aka kafa tun 1860, wanda yanzu ake kira Battersea. Mu ba mu da irinsa, kuma ba mu ce a gina mana ba alhali wasu azuzuwa na bukatar kujeru. Abin da muke da shi shi ne zaure, da inuwar dogon yaro, da ƙanzo, da dattijai masu tausayi.

Mun ga an gwada, shi ya sa muke magana da ƙarfin gwiwa. A zangon da ya wuce wani ɗan kare ja mai dogayen ƙafafu ya riƙa zuwa bakin ƙofar makaranta lokacin tara, yana jiran abin da zai faɗo daga hannun masu cin awara da ɗanwake. Bai fi wata shida ba. Haƙarƙarinsa ana iya ƙirga su daga nesa, kunnensa cike da kaska. Daga baya aka gane ya biyo wasu mutane ne da suka taso daga ƙauye, kuma mai gidan da suka sauka ya ce ba wurin kare. Wani dattijo da ke zaune kusa da makaranta, wanda duk muke kira Baba, ya nemi izinin masu shi, ya ce zai riƙe shi har a samu inda za a kai shi. Yaran unguwa suka sa masa suna Guguwa, kuma sunan ya bi shi.

Da ya ci ya ƙoshi na mako ɗaya sai halinsa ya fito. Ya tauna silifas ɗin Baba ƙafa ɗaya. Ya huda buta. Ya tona rami a gindin bango har maƙwabci ya zo da magana. Kajin unguwa kuwa ba su sake kiwo cikin natsuwa ba. Mutane suka ce ai ga irinta nan, a ɗaure shi a turke. Aka ɗaure shi, ya kwana yana kuka, unguwa ta kwana ba barci. Wasu suka ce dukan tsiya ne maganinsa. Baba ya ce, "Ku bar shi. Ƙuruciya ce ke cin shi, ba mugunta ba."

Malamarmu ta kimiyya ta yi mana bayanin da ya gaskata Baba. Ɗan kare yana sauya haƙora har ya kai wajen wata shida ko bakwai, dasashinsa na yi masa ƙaiƙayi, shi ya sa duk abin da ya samu sai ya tauna. Sannan karnukanmu na nan, masu siririn ciki da dogayen ƙafafu, jikinsu na gudu ne. Ku dubi 'yan uwansu na Buzaye a yankin Azawak, can Nijar da Mali, waɗanda ke kamo zomo da barewa a fili, har Turawa sun ɗauki irinsu sun kai ƙasashensu. Irin wannan dabba in ka ɗaure ta yini guda a igiya mai taku uku, kamar ka kulle ɗan aji ɗaya ne a aji tun safe har la'asar ba tara, ba ƙwallo, sannan ka yi mamakin ya karya benci.

Sai Baba ya sauya dabara. Da asuba bayan salla jikansa babba yakan hau keke ya nufi fadama, Guguwa na biye da gudu, su je su dawo. Da yamma kuma a sake. Aka naɗe masa tsumma kamar ƙwallo ya riƙa tauna, aka ɗauke takalma daga ƙasa. In an kira sunansa ya zo, a ba shi ɗan ƙanzo. In ya nufi kaza a daka masa tsawa sau ɗaya a janye shi, ba a bari ya kai gare ta. Cikin mako uku karen da ya hana unguwa barci ya koma yana dawowa daga fadama ya sha ruwa ya miƙe a inuwa kamar an zare masa laka. Ba mu ce ya zama waliyyi ba. Buta ta biyu ma ba ta tsira ba.

Wurin neman masa gida ne muka fi koyon abu. Wanda ya fara zuwa wani yaro ne sa'anmu, yana son ya riƙa yawo da shi don a ce yana da kare. Baba ya ce masa, "Ɗana, je ka zo da babanka." Bai dawo ba. Na biyu ya ce zai ɗaure shi ne a bakin shago dare da rana. Baba ya ba shi haƙuri. Na uku wani manomi ne mai noman rani a hanyar Goronyo, yana da 'yan awaki, kuma yakan kwana a gona saboda injin ban ruwa. Ya gaida Baba ya zauna, Baba ya fara tambaya. "Mi za ka yi da shi? Ina za shi kwana? Wa ka ba shi abinci in ka tafi kasuwa? Mutanen gida sun yarda?" Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ko auren ɗiya nike nema iyakar tambayar ke nan." Baba ya ce, "Ita ɗiya tana da bakin kawo ƙara." Aka yi sharaɗi, in abin bai yiwu ba ya dawo da shi, kada ya sake shi a daji. Masu karen na farko ma aka gaya musu inda yake.

Ku lura da wannan. Gudun da ya zama masifa a cikin gari shi ne abin da manomi ke nema. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo a kan kogin Rima, ga kuma fadamarmu ta Wurno, mutane da yawa suna noman albasa da tafarnuwa da shinkafa da rani. Gona tana son mai korar dabbobin da suka ɓalle, tana son mai haushi in an taɓa inji da dare. Makiyayi yana son kare a bayan garke. Mafarauci kuwa ba sai an faɗa ba, tunda Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Sun kuma ce ba a kiwon kare ranar farauta. Wato wanda ke son kare mai amfani dole wani ya riga ya ciyar da shi ya hore shi tun yana ƙarami, kuma aikin mai riƙo ke nan.

Gargaɗi ɗaya ga masu kai kare gonar albasa, da ma masu zuba masa sauran miya: albasa da tafarnuwa guba ne ga kare, ɗanye ko dafaffe, suna lalata masa jini in ya ci da yawa. Ƙashin kaza dafaffe ma yana tsagewa ya soke shi a ciki. Gayan tuwo, da ƙanzo da aka jiƙa, da ɗan abin da mahauta suka rage, sun fi masa. Ruwa kuma kada ya yanke, musamman a watan Afrilu da zafinmu ke wuce digiri 40, domin kare ba ya gumi irin namu, da haki yake sanyaya jikinsa.

Yanzu sai babbar magana, wadda ta sa muka ce wannan rubutu ya shafi har wanda ba ya son ganin kare: ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Mu ke nan. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu, ta cizo ko yaƙushi. In alamun ciwon suka bayyana, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma kafin su bayyana ana iya tare shi. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a kai shi asibiti a ranar don a fara masa allura. Kada a tsaya shafa toka ko barkono, kada a ɓoye wa iyaye don tsoron faɗa. Wannan na ƙarshen muna faɗa wa 'yan aji ɗaya ne musamman. Faɗan Baba na yini ɗaya ne.

Wani zai ce to ai wannan hujja ce a kashe karnukan duka a huta. Masana sun ce ba haka ake cin ƙarfin ciwon ba. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu kacal, ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma muddin juji na nan da abinci, in an kashe waɗannan wasu za su maye gurbinsu, su ma ba allura. Abin da ke tsayar da ciwon shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allurar rigakafi. To wa zai kai karen juji allura? Wa ma zai iya kama shi? Sai kare mai gida, mai jin kira, wanda wani zai riƙe a yi masa. Kowane kwikwiyon da aka ba riƙo aka yi masa allura tun yana wata uku, an rage kare ɗaya cikin masu iya kawo mana ciwon. Jifa kuwa ba ta rage komai sai ƙara yawan karnuka masu tsoron mutum, kuma kare mai tsoro da aka rutsa shi ne ke cizo. Allurar nan ba daga sama take ba. Akwai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa a Vom, jihar Filato, da ke yin ta, ga kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ke horar da likitocin dabbobi. Guguwa ma sai da Baba ya nemo malamin dabbobi ya yi masa allura ya ba shi maganin tsutsar ciki kafin a miƙa shi.

Saboda haka ba mu ce kowa ya je ya rungumi karen da ya gani a hanya ba. Karen da ke dalalar da yawu, ko yana tangaɗi, ko yana kai wa komai cizo, ko ya yi shiru irin wanda ba a saba gani ba, a nisance shi a gaya wa manya. Karyar da ke shayarwa ba a zuwa kusa da 'ya'yanta. Kwikwiyo kuma ba a raba shi da uwarsa sai ya kai wata biyu. Mafi yawan waɗanda yara ke ɗauka suna mutuwa ne don an raba su da nono da wuri.

Da muke shirya wannan rubutu wata 'yar ajinmu ta ce ita fa kare ƙazanta ne, kuma addini ya hana. Muka kai maganar gaban malaminmu na addinin Musulunci. Ya ce hadisi ya yi hani ga ajiye kare haka kawai, amma ya ba da izini ga na farauta da na kiwo da na gona. Ya ce a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya ana wanke ta sau bakwai. Ya kuma tuna mana labarin da ya zo a Bukhari da Muslim, na mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Mun lura tsarin da muke kira a yi ya dace da wannan. Ba mu ce a shigar da kare ɗaki ko a hau da shi tabarmar salla ba. Ya zauna a waje da kaskonsa na daban, ya ƙare a gona ko ruga inda aka halatta. 'Yar ajin namu ta ce har yanzu ba za ta taɓa kare ba. Muka ce ba laifi, mu dai kada ta bari ƙanenta ya jefe shi. Ta ce wannan ta ɗauka.

Maganar da ta fi mana nauyi ita ce ta wani ɗan aji uku. Ya ce akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sau biyu a rana, akwai 'yan gudun hijira da ba su da bargo, mu kuma muna zancen abincin kare. Gaskiya ya faɗa, kuma mutum shi ne gaba. Gidan da ƙanzo abincin yara ne, ba mu ce su ɗauki kare ba, kuma kada wani yaro ya saci tuwon gida ya ce ƙungiyarmu ce ta sa shi. Amma riƙon Guguwa bai fi mako bakwai ba, kuma abin da ya ci yawancinsa abin zubarwa ne. Ku kwatanta da gidan da kare marar allura ya ciji ɗansu, kuɗin mota zuwa Sakkwato, da kuɗin allurai da ba sau ɗaya ake yi ba, da fargabar da uwa za ta kwana da ita. Talaka ne ya fi shan wahalar karen juji, domin ɗansa ne ke tafiya da ƙafa.

Ga abin da muke roƙo. Muna roƙon shugaban makaranta, tare da girmamawa, ya rubuta wa sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma a gayyato malamin dabbobi ya yi mana bayani a taron safe ranar 28 ga Satumba. Ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, an zaɓe ta ne don a ranar Louis Pasteur na Faransa ya rasu, wanda ya fara yi wa mutum allurar ciwon a 1885. In da hali a zo da allurar, masu karnuka na unguwa su kawo nasu. Muna roƙon malamai masu gona, da iyayenmu masu zuwa taron iyaye da malamai, duk mai bukatar karen gadi ya fara tambaya a nan kafin ya nema a nesa. 'Yan uwa ɗalibai kuma, kada wanda ya ɗauki kwikwiyo sai da yardar babba a gidansu, kuma a bar ɗaure musu wuya da waya.

Ƙungiyarmu ta ware littafi ɗaya mai shafi 40. Gefe ɗaya za mu rubuta inda aka ga ƙananan karnuka marasa gida, ɗaya gefen kuma manyan da suka yarda su yi riƙo ko suke neman kare don gona ko kiwo. Littafin yana wurin malamin da ke kula da ƙungiya. Yanzu haka akwai 'yan kwikwiyo huɗu a kangon da ke bayan filin ƙwallo, uwarsu na tare da su, saboda haka kada kowa ya je. Nan da mako biyar za su isa rabuwa da ita, kuma zuwa yau mutum ɗaya ne ya rubuta sunansa.